“Jinin gidanmu ne”: fashin baƙi kan gado da cutar Sida

Wani dattijo da nake kira Kawu, wanda ba zan faɗi unguwarsa ba, ya tare ni bayan la'asar da maganar da ta kwana biyu tana ci masa tuwo a ƙwarya. An auna surukinsa, an samu ƙwayar cutar Sida a jininsa. An auna matar, wato ƴar Kawu, har sau biyu, ba a ga komai ba. Shekara shida suna tare, da ƴaƴa biyu tsakaninsu.

“Kai da kake koya wa yara ilimin halittu a lise,” in ji shi, “gaya mini, ba jinin gidanmu ba ne? Uwata ta haura tamanin ba ta taɓa kwanan asibiti ba.”

Na ce, “Kawu, akwai gaskiya a maganarka, sai dai ba ta kai inda kake so ta kai ba.”

Abin da na faɗa masa a gurguje a bakin masallaci shi nake so in warware a nan, don ba shi kaɗai ke wannan tunani a Maradi ba.

An gina jikin mutum da ƴan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, mu kira su ƙwayoyin jiki. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon rubutu mai haruffa kimanin biliyan 3, kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Haruffan iri huɗu ne kacal. A cikin rubutun akwai sassa wajen 20,000, kowanne ɗauke da umarnin ƙera wani abu da jiki ke bukata. Su ne ƙwayoyin gado. In aka jera rubutuna da na baƙon da na gamu da shi a tashar Ɗan Isa, a ƙiyasi harafi ɗaya ne cikin dubu zai bambanta. Kaɗan ne, amma wanda ya taɓa rubuta “bari” inda yake nufin “ɓari” ya san aikin lanƙwasa ɗaya. Mu ma ba baƙin zancen ba ne. Sikila, amosanin jini, harafi ɗaya ne ya sauya. Mai AS yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, mai SS kuwa tun yana goye yake shan wuya. A riƙe wannan misali, za mu sake cin karo da irinsa.

Ƙwayar HIV, mai haddasa Sida, ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Sai ta kutsa cikin wata ƙwayar jiki, ta cusa nata rubutun cikin na mai gida, ta sa shi aikin buga mata ƴaƴa. Waɗanda ta fi nema su ne fararen ƙwayoyin jinin da ake kira CD4, waɗanda ma'aikatan lafiya ke ce wa “sojojin jiki”. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 a ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba. In suka sauka ƙasa da 200, kowace ƙaramar cuta sai ta samu gindin zama. Ba tare da magani ba, yawancin mutane kan kai wannan hali cikin shekara takwas zuwa goma. Amma tun farkon annobar likitoci suka lura cewa wani cikin shekara biyu ko uku ya kwanta, wani kuma shekara ashirin yana yawonsa. Ga kuma ƴan tsiraru da suka sha haɗuwa da cutar ba ta kama su ba.

Amsar farko ta fito a 1996. Shigar HIV cikin ƙwayar jiki kamar shiga gidan Bahaushe ne, sai an bi ta zaure. Ƙofar waje ita ce CD4 ɗin kanta, ƙofar ciki kuma wani sinadari ne mai suna CCR5. Sai aka gano wasu mutane da haruffa 32 suka ɓace daga ƙwayar gadon da ke ƙera CCR5. Wanda ya gaji wannan giɓi daga uwa da uba duka, zaurensa ba shi da ƙofar ciki. Ɓarawo ya shigo, ya lalubi bango, ya koma. Wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya yana iya kamuwa, sai dai cutar kan ɗan yi jinkirin kayar da shi.

Wannan ne labarin da ya fi yawo a duniya, saboda wani Ba'amurke da ke zaune a Barlin, Timothy Ray Brown. Yana ɗauke da HIV, sai kuma sankarar jini ta kama shi. A 2007 likitansa, Gero Hütter, ya nemo masa mai ba da ɓargo wanda ya gaji giɓin ta gefe biyu. Bayan dashen ɓargon Brown ya bar shan maganin Sida, ƙwayar ba ta sake bayyana ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ta dawo ta ɗauke shi. A 2019 aka sanar da na biyu a Landan, Adam Castillejo, daga baya ƴan kaɗan suka biyo. Dukkansu masu sankara ne da dashe ya zama musu dole, kuma dashen ɓargo aiki ne da kan kashe mutum. Ba hanya ce da za a bi da mai shan ƙwaya ɗaya a rana yana zuwa kasuwarsa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan giɓi gadon Turawa ne. A arewacin Turai kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ke da shi ta gefe biyu, yana raguwa in aka gangaro kudu, a tsakanin baƙar fatar Afirka kuwa kusan babu shi sam. Ƴar Kawu, Bakatsiniya gaba da baya, ba a sa ran tana da shi. Ko ga masu shi ma ba laya ba ce. Akwai nau'in HIV da ke bi ta wata ƙofar mai suna CXCR4, kuma an samu marasa CCR5 da suka kamu ta can. An kuma ga cewa zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda sauro ke yaɗawa, ya fi yi musu illa. Sikila ke nan a wata riga. Wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya yi kunnen uwar shegu da wannan duka, ya taɓa ƙwayar gadon CCR5 ta wasu tagwaye tun kafin a sa su a mahaifa, ya sanar a 2018, aka ɗaure shi shekara uku.

Abin da ya shafe mu kai tsaye yana wani wuri, kuma ya fi wuyar bayani, don haka a yi haƙuri da ni.

Kowace ƙwayar jiki tana tallar abin da ake dafawa a cikinta. Takan gutsuro ɗan kaɗan daga kowane sinadari da take ƙerawa, ta ɗora a faifai, ta fito da shi waje. Wasu sojojin jiki na zagayawa suna leƙa fayafayan nan. In suka ga abin gida sai su wuce. In suka ga gutsuren baƙo, sun san ɓarawo na ciki, sai su rushe ɗakin da shi da abin da ke ciki. Fayafayan su ake kira HLA. Babu wani sashe na rubutun gadon ɗan Adam da ya kai nasu yawan iri, dubbai ne. Kowane iri kuma da irin gutsuren da yake iya ɗauka.

HIV gwanar sauya kama ce. Kwafinta cike yake da kurakurai, kuma a jikin wanda ba ya shan magani tana buga biliyoyin ƴaƴa a rana, don haka ba a rasa wanda ya fito da sabuwar riga da sojoji ba su sani ba. In faifanka yana nuna gutsuren da take iya sauyawa ba tare da asara ba, ta kuɓuce maka cikin ƴan watanni. In kuwa yana nuna wani yanki na ƙoƙon da ke lulluɓe da rubutunta, wanda in ta taɓa shi sai ta gurgunce, to ka matse ta: ko ta tsaya a gan ta, ko ta sauya ta rage ƙarfi. Irin HLA da ake kira B57 da B27 haka suke yi. A Afirka, binciken da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu aka buga a 2004 ya nuna masu B57 da B58:01 da B81:01 suna da ƙarancin ƙwayar cuta a jini, masu B58:02 kuwa tasu ta fi yawa. Tsakanin B58:01 da B58:02 tubali uku ne kawai suka bambanta a cikin ɗaruruwan tubalan da aka gina faifan da su. Bari da ɓari.

Daga cikin masu irin waɗannan fayafayan ake yawan samun mutanen da jikinsu ke danne cutar har awo ya kasa ganinta, ba tare da magani ba. Ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu ɗauke da ita ba. Suna nan da ita, ba warkewa suka yi ba, kuma wasunsu bayan shekaru sai ta ƙwace. Yawancin masu B57 ma ba su cikin wannan rukuni. Faifan taimako yake yi, ba hukunci yake yankewa ba. A Botswana, inda cutar ta daɗe ta kuma yawaita, wani bincike na 2014 ya nuna ta riga ta saba da B57 da B58:01 har kariyarsu ta dushe. Manomi ya san wannan. Irin geron da ya gagari ƙuduji a gonar kakanka ba lalle ya gagare shi a taka ba.

Akwai kuma B53, wanda ya yawaita a nan yammacin Afirka. A 1991 bincike a kan yaran Gambiya ya danganta shi da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ake ganin shi ya sa ya bazu a tsakaninmu. Shekara goma bayan haka aka lissafa shi cikin irin da ke sa Sida ta yi saurin kayar da mutum. Abin da ya tsirar da kakanni a daminar sauro yana iya zama rauni ga jika a gaban wata cutar da kakannin ba su taɓa sani ba. Wani binciken na 1999 ya ƙara da cewa wanda ya gaji fayafaya mabambanta daga uwa da uba ya fi jimiri a kan wanda ya gaji iri ɗaya ta gefe biyu, don tallarsa ta fi faɗi. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar gadon iri ɗaya. Ban faɗi haka don a fasa auren kowa ba. Na faɗa ne don masu cewa “jinin gida tsantsa” ya fi ƙarfi su san lissafin ba haka yake tafiya ba.

Bayan sojojin waje, kowace ƙwayar jiki tana da masu gadinta na cikin gida, kuma daga 2002 aka fara gano su ɗaya bayan ɗaya. APOBEC3G yakan ɓuya cikin ɗan ƙwayar cutar, ya bi shi zuwa sabon ɗaki, ya riƙa sauya haruffa sa'ad da ake kwafi har rubutun ya zama shirme. TRIM5, da aka gano a 2004, yana fasa ƙoƙon kafin lokaci. Na wasu birai yana tare HIV ƙaf, namu na mutane kuwa rago ne a gabanta. Wani da aka gano a 2008, BST2, yana ɗaure sababbin ƴaƴan cutar a jikin ɗakin kamar akuya a turke. HIV kuwa tana da makami ga kusan kowanne: sinadarinta Vif yana sa a jefar da APOBEC3G a juji, Vpu yana tsinke igiyar turken. Akwai SAMHD1, mai ƙwace wa cutar tubalan kwafi, wanda HIV ta biyu, wani nau'in cutar da aka gano a 1986 kuma ta fi yawa a Gine Bisawu da Senegal, ke da makamin karya shi.

Su ma waɗannan masu gadi sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani sauyi a APOBEC3G da ake kira H186R ya fi yawa a jinin Afirka, kuma a 2004 aka danganta shi da saurin faɗuwar CD4 a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. Amma da aka sake dubawa a wasu al'ummomi, wani wuri an ga haka, wani wuri ba a gani ba. Ra'ayina, duk wanda ya karanta kanun labari cewa “an gano ƙwayar gadon da ke kare mutum daga Sida” ya fara tambayar mutum nawa aka auna, kuma a wace ƙasa. Da yawa daga irin waɗannan bincike a kan mutum ɗari biyu ko uku aka yi su, kuma a ƙaramin taro dace kaɗai na iya kama da hujja. A 2008 an yi ta yayata cewa rashin sinadarin Duffy a jan jini, wanda kusan dukkanmu a yammacin Afirka ba mu da shi, yana ƙara haɗarin kamuwa. Binciken da suka biyo baya ba su tabbatar ba.

Da aka tattara dubban mutane aka yi lissafi a 2015, an ƙiyasta cewa gado ne ke da alhakin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin yawan ƙwayar cuta a jinin mutane, kuma mafi yawan wannan kason daga HLA da CCR5 ya fito. Amma jinin Turawa aka auna. Wannan ita ce matsalar fannin gaba ɗaya: kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ƴan asalin Turai ne, ƴan Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, kuma a nan ne kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da HIV suke. A 2020 masu binciken H3Africa, wani shirin nazarin gado a Afirka, suka karanta rubutun gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, suka samu sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. A 2023 kuma, da aka duba mutum 3,879 masu asalin Afirka da ke ɗauke da HIV, sai ga wani sabon wuri kusa da ƙwayar gado mai suna CHD1L, wanda masu shi ke da ƙarancin ƙwayar cuta a jini. Tsakanin kashi 4 da 13 cikin 100 na masu jinin Afirka ke da shi, Turawa ba su da shi. Shekaru ana nema a inda babu.

Ita kanta cutar ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka fi nazari, ta Turai da Amurka, ita ce nau'in B. A Nijar, binciken da aka buga a 2002 ya nuna nau'o'in CRF02_AG da CRF06_cpx ne suka fi yawa. Tun da aikin faifai ya danganta da irin gutsuren da ke gabansa, abin da aka gani a Durban ko Boston ba dole ya zama haka a Tibiri ko Madarumfa ba. Maradi tana da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo mai sashen koyon likitanci, tana da babban asibiti; da ni ake tambaya, irin wannan aiki ne zan so in ga ɗalibanmu sun sa hannu a ciki, ko da da haɗin gwiwar Katsina da Kano, tun da jinin ɗaya ne iyaka ce kawai ta ratsa.

Inda gado ya riga ya taɓa masu shan magani a zahiri, ba a masu gadi ba ne, a hanta da ƙoda ne. Waɗanda suka sha maganin Sida mai suna efabirenz a shekarun baya za su tuna jiri da mugayen mafarkai. Wani sauyi a ƙwayar gadon CYP2B6, mai yawa a Afirka, yana sa hanta ta yi nawar narkar da shi, sai ya taru a jini. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegrabir a matsayin maganin farko. Haka kuma sauyin APOL1, wanda ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando kuma ya yawaita a yammacin Afirka, yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda sosai ga mai HIV da ya gaje shi ta gefe biyu, musamman in ba ya shan magani.

Mu koma ga ƴar Kawu. Me ya hana ta kamuwa shekara shida? Abu na farko, HIV ba ta da saurin kamu kamar yadda ake zato. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka shi ne kimanin sau 8 cikin saduwa 10,000 daga namiji zuwa mace, kodayake yana hauhawa sosai in akwai ciwon sanyi mai gyambo, ko a makonnin farko na kamuwa. Ba mu ma san yaushe mijin ya kamu ba; zai yiwu ba shekara shida ba ne. Abu na biyu ya fi muhimmanci. A Rakai ta Yuganda an bi ma'aurata 415 da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, aka buga sakamakon a 2000: babu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zaman da ƙwayar cutarsa ba ta kai 1,500 a mililita na jini ba. Wato abin da ya fi yanke hukunci shi ne yawan cutar a jikin mai ita. In har gado ya yi wani aiki a gidan nan, ya fi yiwuwa fayafayan mijin ne suka rage wa cutar ƙarfi, ba jinin matar ne ya kore ta ba.

Da na faɗi haka Kawu ya yi shiru, don ba ya ƙaunar a yabi dangin surukin nan nasa.

Na ba shi labarin matan Pumwani a Nairobi, masu zaman kansu da aka yi shekaru ana bibiya. Wasu ƴan kaɗan a cikinsu sun daɗe cikin haɗari ba su kamu ba, har aka riƙa kiransu masu gagara, aka sa rai daga jininsu za a samo rigakafi. Daga baya wasunsu suka kamu, galibi bayan sun bar sana'ar na ɗan lokaci sun dawo.

A Nijar an fara ganin cutar a 1987, zamanin da ake ce mata kabari kusa. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta nuna kashi 0.7 cikin 100 na manya a 2006, ta sauka zuwa 0.4 a 2012, kuma tun 2004 ake ba da maganin kyauta. Binciken HPTN 052 na 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, waɗanda suka biyo baya kuma suka tabbatar cewa wanda maganinsa ya danne cutar har awo ya daina ganinta ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Tun 2015 ƙa'idar ita ce a fara magani da zarar an gano, ba a jiran sojoji su ragu. Babu wani faifan HLA da aka sani da ke yin abin da ƙwaya ɗaya a rana ke yi, kuma ƙwayar maganin ba ta tambayar wane ne kakanka.

“To akwai inda za a auna a ga ko tana da wannan abin na Turawa?” Kawu ya tambaya.

Na ce ko an auna, sakamakon ba zai sauya komai a takardar likita ba. Awon da ya shafe su shi ne na yawan ƙwayar cuta a jinin mijin, wanda ake yi bayan kamar wata shida da fara magani. Kafin nan su yi amfani da kwaroron roba, ita kuma ta sake awo bayan wata uku, a duba yaran su ma in ba a riga an duba su ba.

Ya ce maganar robar ba da bakinsa za ta fito ba, sai dai ya tura uwarta. Sannan ya ƙirga watannin a yatsunsa, ya ce awon zai faɗo bayan an gama girbin gero.